Yadda Za a Jagoranci Zaman Tattauna Labaran Ƙishirwar Gobe a Legas

Akwai wani nau'in ƙagaggun labarai da marubuta ke ginawa a kan kimiyya, inda suke ɗaukar mai karatu su kai shi shekaru hamsin ko ɗari masu zuwa, su nuna masa duniyar da zafi ya gallabe ta, damina ta rikice, koguna suka ƙafe, ruwan sha kuma ya koma hannun wasu 'yan tsiraru masu bindiga ko masu kuɗi. Irin waɗannan labarai sun fara shiga hannun matasanmu na Legas, wasu ta wajen masu baza tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba, wasu kuma ta waya. Duk wanda ya zauna da masu karanta su ya san ba labarai ba ne da ake rufewa a yi shiru, domin wani zai tashi da fargaba, wani da fushi, wani ya ce ƙarya ce tsagwaronta, wani kuma ya ce ai rayuwarsa aka kwashe aka rubuta. Wannan bayani na wanda yake son tara jama'a ne a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko Mile 12, ko Alaba Rago, su karanta irin wannan labari tare, su tattauna shi ta yadda kowa zai tashi da abin da ya fi tsoro amfani.

Bahaushen da ke zaune a Legas yana ɗauke da sanin ruwa iri biyu, waɗanda ba kasafai suke haɗuwa a kan mutum ɗaya ba. Daga gida ya san fari, ya san rijiyar da ake ƙara wa guga igiya duk bazara, ya san manomin da ya yi shuka da ruwan farko sannan sama ta ɗauke har tsiron ya ƙone. A nan kuma ya san garin da teku da tafki suka kewaye, wanda ruwan Yuni da Yuli ke cika titunansa har ya shiga ɗaki ya jiƙa katifa, amma duk da haka na sha sai an saya. Marubucin da ya zauna a Turai ko Amurka yana hasashen ƙishirwa bai kai wannan mai karatu sanin abin da yake rubutawa ba. Saboda haka babban aikin jagoran zama shi ne ya fito da wannan sani daga bakin mutanensa, ya sa su auna labarin da shi, kada su zauna kamar ɗaliban da aka zo a faɗa musu abin da ba su taɓa gani ba.

Wajen zaɓen abin karantawa, gajeren labari ya fi dogon littafi dacewa da zaman farko, domin mai sayar da tumatir da ya tashi tun kafin asuba ba zai iya cinye shafi ɗari huɗu a mako guda ba. Ka nemi labarin da marubucinsa ya damu da yadda ake raba ruwa, wa ke ba da izini, nawa ake biya, me ake yi wa wanda ya kasa biya, domin a nan ne tattaunawa ke samun nama. Labarin da ba komai a cikinsa sai harbe-harbe a hamada, ko wanda aka cika shi da batsa, ka bar shi, saboda dattawa za su tashi tun kafin a yi nisa, kuma suna da gaskiya. Yawancin waɗannan labarai da Turanci suke zuwa, don haka ka karanta naka sau biyu, ka shirya yadda za ka ba da shi da Hausa kamar yadda ake ba da labari a majalisa, sannan ka ware wurare biyu ko uku masu nauyi waɗanda za ka fassara a tsanake. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne gyara ƙarshe. Idan marubuci ya bar jarumarsa ta mutu da ƙishi a ƙofar birni, ka faɗa haka, kada tausayi ya sa ka ƙago mata ruwan sama, domin martanin da kake nema daga jama'a a kan wannan ƙarshen yake.

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa. Ranar Lahadi tsakanin La'asar da Magariba ta fi sauƙi a Legas, saboda cunkoson hanya ya ragu kuma kasuwa ta lafa. Kada ka cika wurin da 'yan boko kaɗai. Ka gayyaci ɗan ga-ruwa ɗaya, da dattijon da ya ga farin 1973 da idonsa, da ɗalibin da ya san ɗan lissafi da kimiyya, idan kuma al'adar unguwa ba ta yarda da cakuɗa ba, mata su yi nasu zaman a cikin gida ko a makarantar Islamiyya da jagorarsu mace. Zaman mata ba ƙari ba ne da za a yi in an samu sarari, domin a gidan haya mai ɗaki goma da bayi ɗaya, uwar gida ce ke sanin bokiti nawa ya shigo yau da kuma inda kowanne ya tafi.

Kafin a fara magana a kan labarin, ka ajiye jarka a tsakiyar tabarma, irin ruwan ɗorawar nan mai cin lita 25 wadda 'yan ga-ruwa ke jerawa a kura. Sai ka ba su labarin birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda bayan shekaru uku na ƙarancin ruwan sama hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana daga watan Fabrairun 2018, wato jarka biyu, kuma ta shirya cewa idan madatsun ruwa suka ƙara yin ƙasa za a rufe famfuna, mutane su riƙa bin layi a wurare kusan 200 suna karɓar lita 25 kowannensu. Tsimin da jama'a suka yi da ruwan da ya sauka daga baya suka hana zuwan wannan rana, amma shirin na gaske ne. Ka ce wa kowa ya raba jarka ɗaya a zuciyarsa: na sha, na girki, na alwala sau biyar, na wanka, na wankin kayan yara, na bayi. Za ka ga fuskoki sun canja tun kafin a kai ga wanki. A nan ne ya kamata ka juya ga ɗan ga-ruwan ka ce, “Malam, kai da kake tura goma a kura ɗaya, gida nawa suke ci?” Jarka goma kilo 250 ne ban da nauyin kurar, kuma mutumin da ke danna wannan nauyi da ƙirjinsa a kan titi mai ramuka, yana tokare taya da dutse idan zai sauke, ya fi kowa a wurin sanin wane gida ne ke sayen shida, wane ne ke sayen ɗaya bashi. Daga wannan lokaci ruwan da ke cikin labarin ya daina zama magana, ya zama abin da ake iya ɗagawa a ji nauyinsa.

Martanin da za ka fi ji shi ne, “Wannan ai ba gobe ba ce, yau ce.” Kada ka yi saurin amincewa, kada kuma ka ƙaryata. Ka tambayi mai maganar inda labarin ya yi daidai da unguwarsa da inda ya saɓa, domin akwai bambanci mai girma tsakanin garin da ruwa ya ƙare masa da garin da ruwa ke nan amma bai isa ga mutane da tsabta ba. Legas na cikin kashi na biyu. Tun 1915 aka buɗe matatar ruwa ta Iju, nan kusa da Agege, daga baya aka ƙara ta Adiyan, dukkansu suna ɗiba daga kogin Ogun, amma garin ya yi girman da famfon gwamnati ke kai wa ga kaso kaɗan na jama'arsa. Sauran sun dogara ne da rijiyar burtsatse, da tanka, da 'yan ga-ruwa, da ruwan leda. A unguwannin da ke kusa da teku ruwan burtsatse kan fito ja-ja saboda sinadarin ƙarfe, har ya ɓata farar shadda a wanki ɗaya, wani wuri kuma ya fito da ɗanɗanon gishiri, saboda idan aka yawaita zuƙo ruwan daɗi daga ƙarƙashin ƙasa a gaɓar teku, ruwan gishiri ne ke matsowa ya cike gurbinsa. A lokacin damina ambaliya kan haɗa ruwan kwata da na rijiya, kuma cutar amai da gudawa da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ta tuna wa kowa abin da gurɓataccen ruwa ke jawowa. Wanda ya gane wannan bambanci zai daina cewa komai ɗaya ne, ya fara tambayar da ta fi amfani, wato me ya hana ruwan da ke nan zuwa ƙofarsa.

Akwai kuma dattijo ko malamin da zai ce gaibu sai Allah, kuma rubuta abin da zai faru nan da shekaru tamanin shisshigi ne. Wannan martani ya cancanci girmamawa, kuma kuskure ne babba jagora ya ɗauke shi a matsayin rashin wayewa. Ka ce, “Allah gafarta Malam, gaskiya ne, babu wanda ya san gobe sai Shi,” sannan ka bayyana cewa marubucin bai yi da'awar duba ba, misali ya buga, ya ce idan aka ci gaba a kan wannan hanya ga inda za ta iya kaiwa. Sau da yawa malamin da kansa ne zai kawo ayar ƙarshe ta Suratul Mulk, wadda ke tambayar mutane wa zai zo musu da ruwa mai gudana idan ruwansu ya wayi gari ya ƙafe, ko ayar Suratur Rum da ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Ka bar shi ya yi bayaninsu, domin fagensa ne, kuma zaman zai ƙaru da shi. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne kada magana ta tsaya a cewa fari hukunci ne shi ke nan, a rufe ƙofar tambaya game da sare itatuwa, da toshe magudanai da shara, da hayaƙin da masana'antun duniya ke fitarwa.

Matasa masu zafin kai kuma sukan ce labarin Turawa ne, su suka ɓata duniya, yanzu kuma suna rubuta tsoronsu suna sayar mana. Akwai gaskiya a ciki, domin kason Afirka gaba ɗaya a hayaƙin da ke ɗumama duniya bai kai 4 cikin ɗari ba, alhali tana cikin waɗanda suka fi shan wahalar abin. Ka yarda da wannan a fili, sannan ka ba su aiki: su ɗauke labarin daga inda aka kafa shi su dasa shi a gida. Misali, a yammacin Amurka jihohi bakwai ne ke raba ruwan kogin Colorado bisa wata yarjejeniya ta 1922, kuma rigimar na sama da na ƙasa a kan kogi ɗaya ita ce ƙashin bayan labarai da yawa na wannan nau'i. Mu ma muna da irinta. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ruwansu ya raya noman rani a ƙasar Kano kuma yana shayar da birnin, amma ambaliyar shekara-shekara da fadamun Hadejia da Nguru suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya na can ƙasa suka ji a jikinsu. A majalisar Legas ba wuya ka sami mutumin Kura ta ƙasar Kano da mutumin Gashuwa ta can ƙasan kogin a tabarma ɗaya. Ka sa kowannensu ya faɗi yadda abin yake daga ɓangarensa, ka ga yadda labarin da aka ce na Turawa ne zai koma maganar gida.

Bayan an saki zukata, sai a zo ga tace gaskiya daga ƙage, kuma a nan nake ganin jagorori da yawa suna sakaci. Marubucin ƙagaggen labari yana da 'yancin ƙara gishiri, amma bai dace mai karatu ya tashi yana zaton duk abin da ya ji ilimi ne tabbatacce ba. Ruwa ba ya ƙarewa daga duniya, yana zagayawa ne tsakanin teku da gajimare da ƙasa. Matsalar ita ce kusan 97 cikin ɗari nasa na gishiri ne, ɗan abin da ya rage kuma mafi yawansa daskararre ne a ƙanƙara ko yana can ƙarƙashin ƙasa, sannan kusan 70 cikin ɗari na ruwan daɗin da ɗan Adam ke ɗiba noma ne ke shanyewa. Idan labari ya nuna injin da ke tace gishiri daga ruwan teku, wannan ba mafarki ba ne, Saudiyya ta daɗe tana dogaro da shi, sai dai yana cin wutar lantarki mai yawa, shi ya sa ya fi sauƙi ga ƙasa mai arziki.

Tafkin Chadi ya fi kowane misali dacewa da wannan aikin tacewa, domin kowa ya ji labarinsa kuma kusan kowa ya ji rabi ne. Gaskiya ne faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, kuma ya ragu da kusan kashi tara cikin goma bayan fari na shekarun 1970 da 1980. Amma tafki ne marar zurfi wanda mafi yawan ruwansa ke zuwa daga kogunan Chari da Logone, yana faɗaɗa yana tsukewa gwargwadon damina, kuma daga shekarun 1990 ya ɗan farfaɗo. Wanda ya ce tafkin ya mutu bai faɗi daidai ba, wanda ya ce babu abin da ya same shi ma haka. Ka koya wa mutanenka riƙe maganganun nan biyu tare, domin sauyin yanayi a ƙasarmu ba da fuska ɗaya yake zuwa ba. Duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin danshi na kusan 7 cikin ɗari, don haka ƙasa na saurin bushewa, ruwa kuma idan ya tashi sauka sai ya zubo da yawa a lokaci guda. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, a watan Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Labarin da ya nuna gobe a matsayin rairayi zalla ya bar rabin abin da muke gani, kuma masu karatu a Legas sun fi kowa cancantar faɗin haka.

Tambayar da ta fi kowace zurfi a waɗannan labarai ita ce wa ke riƙe da makullin ruwa, kuma ina ba da shawarar a ba ta lokaci mai tsawo. Ba baƙuwar tambaya ba ce a wurinmu. Labarin kafuwar ƙasar Hausa kansa a kan rijiya ya tsaya, rijiyar Kusugu ta Daura, inda maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo ya kashe shi. A Legas ɗin nan, a 1908, mutanen gari sun yi bore a kan harajin ruwa da gwamnatin mulkin mallaka ta so ɗora musu, suna cewa Turawa ne za su fi cin moriyar famfon da za a kawo. A birnin Cochabamba na Bolibiya, a shekarar 2000, jama'a sun fito titi bayan an miƙa ruwan gari ga kamfani farashi ya tashi, har aka soke kwangilar, a 2010 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun ruwan sha mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne. A tarihin Musulunci Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mai da ita wakafi domin kowa ya sha, kuma hadisi ya zo cewa mutane abokan tarayya ne a ruwa da ciyawa da wuta. Ka ajiye waɗannan a gaban jama'a, ka tambaye su a wane ɓangare mai ruwan cikin labarin ya faɗa.

A wannan gaɓa sai ka yi hattara da ɗan ga-ruwan da ka gayyata, domin wani na iya juyawa ya ce ai su ma sayar da ruwa suke yi. Kada ka bari a mai da shi abin zargi. Ƙarfinsa yake sayarwa, shi ma sayen ruwan yake yi a wajen mai burtsatse, wanda shi kuma yake sayen man janareto, kuma da famfo ya isa kowane gida da ya nemi wata sana'ar. Idan an fara yanke wa mutanen cikin labari hukunci, an ce wancan azzalumi ne saboda ya ɓoye rijiya, wannan maciyar amana ce saboda ta tona, tambaya ɗaya ke sanyaya wuri: “Da kai ne, da 'ya'yanka huɗu a ɗaki, yaya za ka yi?” Ka ba mutum lokaci ya amsa, kada ka cike shirun da maganarka.

Kusan kowane labari irin wannan yana da katanga, masu ruwa a ciki, waɗanda fari ya koro a waje. Wannan sashe yakan taɓa mutanenmu fiye da yadda suke nunawa, domin da yawansu gona ce ta gaza ko tsaro ya lalace suka hau motar shanu ko ta albasa suka taho kudu, kuma sun san yadda ake kallon baƙo. Legas ma tana da nata tarihin. A watan Yulin 1990 aka rushe unguwar Maroko, aka tashi mutane kusan 300,000, ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne wurin na cikin haɗarin ambaliya, daga baya kuma filin ya zama unguwar masu hali. A yau an cike teku a inda bakin tekun Bar Beach yake a da, an kafa sabon birni mai suna Eko Atlantic a bayan doguwar katangar duwatsu, yayin da mutanen Makoko ke zaune a gidajen katako a kan ruwa. Ya dace a yi maganar waɗannan, amma ka tsare zaman daga komawa zagin ƙabila. Waɗanda aka tasa a Maroko ba Hausawa ba ne akasarinsu, kuma ruwan da ya shiga ɗakin Bahaushe a Agege bai tsallake na maƙwabcinsa Bayarabe ba. Idan wani ya fara “su” da “mu”, ka mai da shi kan tambayar wa ke cikin katanga, wa ke waje, kuma me ya raba su.

Wanda ya fi buƙatar kulawarka shi ne mai karatun da ya yi shiru, musamman matashi ko mace mai ƙananan yara, wanda labarin ya shiga ransa har ya fara ganin babu amfanin komai. Kada ka ce masa ai labari ne kawai, domin ya san akwai gaskiya a ciki, kuma zai daina yarda da kai. Ka ba shi gaskiyar da marubutan nan ba su cika kawowa ba. A yankunan Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, manoma Hausawa ne, bayan farin 1984, suka daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gonakinsu, suka riƙa zaɓar rassa masu ƙarfi suna renonsu, gawo da sauran itatuwa suka dawo, har aka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya da kusan hekta miliyan 5. A wasu wuraren ana haƙa ƙananan ramuka da kunyoyi masu siffar rabin wata domin su tare ruwan sama a ƙasar da ta ƙeƙashe. Ƙissar Annabi Yusuf, da ya sa aka adana hatsin shekaru bakwai na wadata domin shekaru bakwai na tsanani, kowa ya san ta, kuma tana nuna cewa gargaɗi shiri yake nema, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan bayan zaman ka lura har yanzu jikinsa a sanyaye yake, ka taka masa zuwa bakin titi ku ƙara magana ku biyu. Yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu kuwa, a ganina, a bar su da tatsuniya tukuna.

Mai yawan magana ba ya rasuwa a majalisa. Ka gode masa, ka ce, “Alhaji, bari mu ji ta bakin Baba,” ka wuce.

Kafin a tashi, ka nemi mutum ɗaya ya rubuta abin da aka faɗa da Hausa, a taƙaice, ba tare da sunaye ba sai da izinin masu su, a tura wa waɗanda ba su samu zuwa ba ta WhatsApp, wanda bai iya karatu ba a yi masa saƙon murya. Ka kuma roƙi dattawan su yarda a naɗi muryarsu suna ba da labarin farin da suka gani, yadda aka sayar da shanu a wulaƙance, da abin da aka ci da hatsi ya ƙare, da abin da kakanninsu suka faɗa musu game da yunwar Kakalaba ta wajejen 1914. Wannan taska ce da ke tafiya da masu ita, kuma ita ce kayan aikin duk matashin da ke son rubuta irin wannan labari da Hausa, ya kafa shi a Agege ko Gashuwa ta shekaru sittin masu zuwa, da mutane masu alwala da biki da bashi irin namu. Idan a cikin zaman an sami mai sha'awar rubutu, ka ba shi wata guda ya kawo shafi biyar, a sa labarinsa ya zama abin karantawa a zama na gaba, a kuma yi masa irin tambayoyin da aka yi wa na baƙo: daga ina ruwan garin nasa yake zuwa, wa ke raba shi, nawa ne jarka, kuma me ya faru da damina. A tsayar da rana da wurin zaman tun kafin a kira sallar Magariba, a kuma faɗi wanda zai kawo tabarma da wanda zai kawo jarka.